Gashin Kare a Gida na Huɗu

Avril Handyside ba ta taɓa kiwon kare ba, kuma ba ta son karnuka. Da wannan na fara saboda yanzu a ƙauyenmu akwai masu ba da labarinta kamar wata uwar karnuka, alhali ni Thelma da na yi shekara goma sha tara ina shara tare da ita na san irin abin da take faɗa musu. Duk ranar Asabar sai ta tsine wa kare biyar ko shida, kowanne da sunansa, kuma yawancinsu ba ta taɓa sa su a ido ba.

Aikinmu ke nan ni da ita. Gidajen hutu ne guda shida na katako a bayan tudun rairayi, a filin da tsoho Cuddy Archbold yake kiwon tumaki kafin gwiwoyinsa su ƙi. Baƙi su kama gida na mako guda, su zo da cefanensu su dafa abincinsu da kansu, su zo da karnukansu, su wuni suna yawo a bakin teku cikin iska da yayyafi, su dawo a jiƙe sharkaf suna cewa ba su taɓa jin daɗi irin na bana ba. Ranar Asabar ƙarfe goma na safe su fita, ƙarfe huɗu na yamma wasu su shigo. Tsakanin goma da huɗu wurin namu ne. Ba sa ganinmu, mu ma ba ma ganinsu, sai abin da suka bari: rabin kwalbar mai, rairayi a cikin gado, duwatsun da aka tsinto a bakin ruwa aka jera a taga aka manta, da gashi. Gashi kam ko'ina.

Avril 'yar masunta ce, a nan aka haife ta, layi biyu daga tashar jiragen kamun kifi. Tana da shekara goma sha biyar ta shiga gidan bandar kifi, ta yi shekara ashirin da huɗu tana tsaga kifi tana rataye shi a hayaƙi, har ranar da aka sa wa gidan kwaɗo. A can ta tsani karnuka, don kullum suna bakin ƙofa suna jiran mutum ya juya baya. A can kuma ta koyi abin da ta fi kowa iyawa, wato raba wari da abin da ya kama. Macen da ke wuni cikin hayaƙin kifi kwana shida, ranar Lahadi ta zauna a coci babu wanda ya matsa gefe, ai ba sai an tambaya ko ta iya wanki ba. Mijinta Wilf direban babbar mota ne, mutum mai sanyin hali, ya rasu tun 'ya'yansu biyu ba su gama makaranta ba. Ta raine su ita kaɗai da wankau da sharar ofisoshi, suka girma suka tafi birni kamar 'ya'yan kowa. Da Cuddy ya gina gidajensa ita ya fara kira, ita kuma ta kira ni, duk da ta san bakina ba ya shiru.

Injin zuƙe ƙura, a cewarta, ba ya cire gashin kare, lallashinsa kawai yake yi ya ƙara kwanciya. Ita safar hannu ta roba take sawa, ta jiƙa ta kaɗan, ta riƙa shafa kujera da tafin hannu ta gefe guda har gashin ya dunƙule kamar auduga. Kafet kuma a durƙushe take binsa da robar nan ta goge gilashi, taku bayan taku. Ta san duk maɓoyarsa: bayan bututun ɗumama ɗaki, gindin labule daidai tsayin kafaɗar kare, ƙarƙashin gado ta wajen bango, da ƙasan ƙofar gilashi inda suke manna hanci suna kallon teku. Tagogi kuwa a buɗe suke tun daga goma har uku ko da ƙanƙara ake yi, ni ina rawar ɗari ina yi mata masifa, ita ko a jikinta. Turaren fesawa ba ya shiga bokitinta, ruwan khal da ruwan zafi kawai take aiki da su.

Da tafiya ta yi nisa sai ta zama tana karanta gashi. Ta ɗaga sili ɗaya zuwa haske ta faɗi ko na tsoho ne ko na kwikwiyo, ko ya shiga teku, ko ana taje shi ko an yi watsi da shi. Sunaye kuwa ba wuya, domin al'adar Cuddy ce ya rataya ƙaramin allo a ƙofar kowane gida ya rubuta da alli sunan karen da ake jira, ba na mai shi ba. Babu baƙon da ya taɓa jin haushin haka, wasu ma hoton allon suke ɗauka.

A bangon kowane falo akwai doka a rubuce: kare ba ya hawa kujera. Mutanenmu masu gaskiya ne, za su tsinci jakarka su kawo maka har gida, za su bi layi ko babu mai kallo. Amma a kan kare da kujera, ko limamin coci ne sai ya shirga ƙarya bai ƙifta ido ba.

Gwanin wannan ƙarya shi ne Mista Aldred Pickersgill na Halifax, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda ke kama gida na huɗu mako na biyu na Oktoba kowace shekara. Shekara goma sha biyu yana zuwa, Avril ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta san shi fiye da yadda ta san wasu danginta. Zai cire zannuwan gado ya ninke, ya wanke kwanuka, ya fitar da shara, ya bar kek mai citta irin na garinsu a kan tebur da 'yar takarda: “Ga mai gyaran gida na huɗu. Mun gode. Moss bai hau kujera ba.” Moss kuwa wani ƙaton kare ne mai gashi buzu-buzu, ja-ja da toka-toka, kuma duk shekara in ka dubi kujerar sai ka rantse shi ne kwance a kai. Avril ta karanta takardar, ta dubi kujera, ta ce tsoho da furfurarsa bai ji kunya ba, sannan ta sa takardar a aljihu ta yanka mana kek.

Ita ma tana da nata. Ranar da zai shigo takan bar masa kyafaffen kifi biyu a firji, ɗaya nasa, ɗaya na matarsa Enid. A shekara ta bakwai muka shiga muka tarar rigar filo ɗaya ce tak a cikin zannuwan da ya ninke, kofi ɗaya kuma a kife a bakin famfo. Nan muka gane Enid ta rasu. Avril ta zauna a bakin gado da rigar filon a hannu. Shekarar da ta biyo baya ta sake ajiye kifi biyu, ta ce hannunta ba zai iya ajiye ɗaya ba. Ya rubuto cewa Moss ya ci na biyun kuma yana gaisuwa.

Sai Dominic ya zo. Mijin Philippa ne 'yar Cuddy, ɗan kudu, ya bar aikin ofis a Landan ya zo a watan Afrilu ya karɓi ragamar wurin. Zan yi masa adalci ko da ba na so: ba malalaci ba ne, yana gaisuwa, ya gyara hanyar da Cuddy ya shekara goma yana cewa zai gyara. Matsalarsa ɗaya, jikinsa ba ya shiri da gashin kare. Kare ya gifta kusa da shi sai atishawa da hawaye, hanci ya yi jawur. Mutumin da ke haka, ka ba shi gidaje cike da karnuka, ai ka san inda tunaninsa zai dosa. Ya ƙudurta a ransa cewa gidajen suna warin kare, kuma warin ne ke korar irin baƙin da yake so.

Gida na ɗaya dama tun farko ba a sa kare a cikinsa, an ware shi ne don masu irin lalurarsa. Dominic ya karɓe shi daga hannunmu ya ba wani kamfanin shara daga birni don gwaji, maza biyu da mota da wani inji mai huci, minti arba'in sun gama sun tafi. A watan Agusta ya aika wa tsofaffin baƙi wasiƙa: daga sabuwar shekara babu kare a kowane gida. Cuddy bai so ba, kowa ya gani a fuskarsa, amma ya riga ya miƙa makullai kuma ba ya son ɓata wa 'yarsa rai. Ni na yi ta kumfar baki har mako biyu. Avril kuwa cewa ta yi madalla, gwiwoyinta sun huta, kuma na ɗauka har zuciyarta ne.

Ranar Asabar da makon Mista Pickersgill ya ƙare muka buɗe gida na huɗu. Makon nan duka ruwa aka yi, sai ranar aka samu sarari, gidan na tashin jiƙaƙƙen kare tun daga bakin ƙofa. Zannuwa a ninke, kwanuka a wanke, kek a kan tebur. Amma takardar ta fi ta kullum tsawo. Avril ta karanta a tsaye, sannan ta miƙo mini ba ta dube ni ba.

“Ga mai gyaran gida na huɗu. Na samu wasiƙa, kuma ba ƙorafi nake yi ba, na san akwai dalili. Moss ya tsufa, ba zan iya kai shi gidan ajiyar karnuka in taho ni kaɗai ba, don haka wannan ne zuwanmu na ƙarshe. Enid ta fi son tagar nan a kan ko'ina a duniya, kuma a nan nake zama da ita. In yawan gashinmu ne ya jawo, ki yafe mana. Gaskiyar magana, yana hawa kujera. Kullum yana hawa.”

Shekara goma sha biyu tsoho yana riƙe da 'yar ƙaryarsa, mu ma muna taya shi riƙewa, yau an sa ya sauke ta yana neman gafara kamar ya yi sata. Na ɗago zan fara zagin Dominic, sai na ga Avril har ta kai ƙofa, safar roba a hannunta.

Ofishin tsohuwar rumfar tumaki ce aka gyara. Dominic na gaban kwamfuta, Cuddy na kusurwa da kofin shayi, inda yake wuni tun da ya sauka daga mulki. Avril ta ajiye takardar a gaban Dominic ta ce ya karanta. Ya karanta, kuma na ga ta taɓa shi, amma ya ce ba aikinta yake kushewa ba, abin ne ya fi ƙarfin shara. Gidan da kare ya kwana ya kwana, ko da me aka wanke shi.

“Hancina ba ya ƙarya, Avril,” in ji shi. “Ko bayan mako guda na shiga, sai ya gaya mini.”

“Yaushe rabonka da shiga gida na huɗu, ɗan nan?”

Wata shida yana nan, bai taɓa taka ko ɗaya daga gidajen da muke gyarawa ba. Daga bakin hanya yake tsayawa ya ba da umarni.

“To ka ba hancin nan aiki yau,” ta ce. “Ƙarfe biyu da rabi a ɗaure maka ido. Ka zauna rabin awa a gida na huɗu, rabin awa a na ɗaya da injinka ya wanke, ka nuna mana inda kare ya kwana. In ka nuna na huɗu, ba za ka sake jin bakina ba. In ka kasa, ka sake rubuta wasiƙa.”

Gidajen iri ɗaya ne ciki da waje, har kujerun rana ɗaya Cuddy ya saye su. Dominic ya yi murmushi ya ce ba ya so ya kunyata dattijuwa. Daga kusurwa Cuddy ya ajiye kofinsa ya ce shi ne alƙali, kuma shi zai ɗaure idon da hannunsa. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun watan Afrilu. Dominic ya dubi surukinsa, ya ga babu hanyar zamewa, ya ce ya yarda.

A hanyar komawa muka bi ta bayan gida na ɗaya. Mutanen kamfani sun gama, suna loda injinsu a mota. Avril ta ja ta tsaya tana kallon ƙofar gilashi. Can ƙasa da gwiwa akwai wani ɗan tabo mai maiƙo, irin wanda mai aiki a tsaye ba ya gani. Ta ce mini hancin kare ne, ƙarami, kuma na makon nan ne. Baƙin da suka fita da safe sun shigo da kare a ɓoye.

Bakina har kunne. Na ce ta yi gum, Allah ne ya kawo mana. Ta watsa mini harara ta ce matar da za ta shiga gidan ƙarfe huɗu asma gare ta, a rubuce yake a jadawalin ofis, shi ya sa ta kama na ɗaya. Ta juya ta koma, ina biye da ita ina ce mata sakarya. Ta gaya wa Dominic abin da ta gani tiryan-tiryan. Ya yi dariya ya ce tun ba a fara ba har ta fara neman hanyar gudu. Wai baƙin nan likita ne da matarsa, sun sa hannu a takarda cewa ba su da kare. Avril ta ce to, ita dai ta faɗa, kuma Cuddy shaida ne.

Sha ɗaya ta wuce kafin ta fara gida na huɗu. Gidaje biyu baƙinsu na mako biyu ne, ba a taɓa su ranar, sauran biyun na ce ta bar mini ko da zan mutu a kansu. Sau biyu na leƙa ta. Na farko ta fitar da kushin duka ta jingina su a baranda, ta sauke labule, tana durƙushe a kafet da robarta tana yi wa Moss tas kamar yana gabanta: ƙazami, mai gashin tsiya, da shi da tsohon da ya ɓata shi. Na biyu na tarar da ita rub da ciki, hannu a bayan bututun ɗumama ɗaki har kafaɗa. Shekararta sittin da shida, gwiwarta ta hagu ta daɗe da lalacewa. Da na miƙa hannu in ɗaga ta sai na ji jikinta na rawa, na tambaye ta ko ta sa wani abu a cikinta tun safe. Ta ce in yanko mata kek ɗin. Gashin da ta tara ya cika leda har ta ƙi ɗauruwa.

Ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji. Na san aikinta, amma kuma na san Moss, kuma na taɓa ganin Dominic yana atishawa saboda rigar sanyin wani baƙo kawai.

Ƙarfe biyu da rabi Cuddy ya ɗaure wa surukinsa ido da tawul ɗin goge kwanuka, ya ɗora shi a bayan 'yar motar gona, ya zaga fili da shi sau uku ta cikin kowane rami da ya sani. Ban ga laifin Cuddy ba. Aka kama hannun Dominic aka shigar da shi gida na huɗu, aka zaunar da shi a tsakiyar doguwar kujera, daidai inda Moss ya yi kwana bakwai. Na haɗa masa shayi. Cuddy ya cire agogonsa ya ajiye a tebur, ya hana kowa magana.

Minti biyar, shiru. Wajen minti goma sai Dominic ya ɗaga kai, ya buɗe hanci ya ja iska da ƙarfi, bakinsa ya fara buɗewa. Na dubi Avril, tana tsaye jikin ƙofa ta harɗe hannu, idonta a kan teku, amma leɓenta na motsi. Ashe hamma ce Dominic ke yi. Ya shanye shayin ya miƙo kofi, ya jingina, ya miƙe ƙafa. Kafin minti ashirin kansa ya langaɓe gefe, kuncinsa a kan kushin, yana jan ɗan minshari. Cuddy ya toshe bakinsa da hula, kafaɗunsa na rawa. Da rabin awa ta cika sai da aka taɓa shi ya farka.

Aka sake zaga fili da shi, aka kai shi gida na ɗaya. Ya zauna, na ba shi wani shayin. Ko kurɓa biyu bai yi ba hancinsa ya fara motsi. Atishawar farko ta zubar masa da shayi a wando, ta biyu da ta uku suka biyo a jere, daga nan na daina bi. Hawaye ya jiƙa tawul ɗin. Ya miƙe tsaye yana lalube, murya a toshe amma cike da nasara.

“Nan ne. Ki yi haƙuri, Avril, na gaya miki. Kare ya kwana a nan, ko makaho ya sani.”

“Gaskiyarka,” in ji Avril. “Kare ya kwana a nan. Cuddy, kwance masa.”

Aka kwance. Ya goge ido ya dubi falo, ya dubi ƙofar da na bari a buɗe da gangan, ya ga lambar da ke jikinta, ya sake goge ido. Avril ta sa safarta, ta jiƙa ta a famfo, ta zura hannu tsakanin kushin da bayan kujera ta ja sau ɗaya. Ta buɗe tafinta a gabansa, ga dunƙulen farin gashi mai laushi a nannaɗe.

“'Yar ƙarama ce, fara, 'yar gata. A jaka suka shigo da ita,” ta ce. “Ka ji, ɗana. Mutanen nan ba za su bar karnukansu a gida don ka rubuta wasiƙa ba. Masu kunya irin tsohon Halifax su daina zuwa, marasa kunya su ɓoye. Karen da aka rubuta sunansa a allo na san da zamansa, zan bi shi har bayan bututu. Wanda aka ɓoye shi ne zai kwantar maka da baƙo a asibiti.”

Ni da na so ya yi gardama don in samu abin faɗa, sai ya ba ni kunya. Ya tambayi Cuddy ina ne ya yi barci ɗazu. Da aka gaya masa a kan kujerar Moss ne sai dariya ta ƙwace masa, atishawa ta katse ta. Ya dubi agogo, saura minti arba'in huɗu ta buga, mai asma tana hanya. Ya tambayi Avril ko tana da wata safar.

Ba ta ba shi ba, ta ce ya fita kafin ya mutu mata a kafet. Ta tura shi bakin hanya ya tare baƙuwar, ya gaya mata gaskiya, ya kai ta shan shayi a cikin ƙauye. Mu biyu muka faɗa wa gida na ɗaya, Cuddy na fitar da kushin da gwiwoyinsa na wahala, muka gama biyar da rabi. Matar ta yi makonta lafiya lau, har ta rubuta a littafin baƙi cewa ba ta taɓa kwana a gida mai tsabtar wannan ba. Na karanta wa Dominic da ƙarfi, sau biyu.

Ranar Litinin ya rubuta sababbin wasiƙu cewa an janye hana karnuka. Gida na ɗaya ya dawo hannunmu, kamfani ya koma inda ya fito. Wasiƙar Halifax Avril ce ta karɓa ta kai gidan waya da ƙafarta, wai ba ta yarda ɗan kudu zai manna kan sarki daidai ba. Na ce ta ƙara layi ɗaya da hannunta mana, ta ce ita mai shara ce, ba sakatariya ba. A shagon ƙauye kuwa labari ya riga mu isa. Mako guda cur duk wanda ya haɗu da Dominic sai ya tambaye shi ya hanci, shi kuma ya amsa da cewa da sauƙi. Tun daga lokacin na rage zaginsa.

Amsa ba ta zo ba sai bayan Kirsimeti, layi biyu, tsoho ya kama makonsa. Amma Moss ya haura shekara goma sha biyu, kuma manyan karnuka ba sa daɗewa. Avril ba ta taɓa ta da maganar ba, sai dai na lura duk sanda ta shiga ofis idonta na kan jadawalin Oktoba. Asabar ɗin da tsohon zai shigo, Dominic da kansa ya rubuta sunan Moss a allo. Ita kuma ta ajiye kifi biyu a firji. A tsakiyar mako na ce mu je mu gaishe shi, tafiyar minti goma ce daga gidanta, bayan duk abin da ta yi. Ta ce a'a, mutum ya zo hutu da matarsa, ba a shiga tsakani. Ta kuma hana ni kawo mata labarin ko an ga kare ko ba a gani ba.

Ƙarfe goma da minti biyar na Asabar ta sa makulli a gida na huɗu, hannunta bai samu ramin ba sai a karo na biyu. Zannuwa a ninke, kwanuka a wanke, kek a kan tebur da takarda a gefensa, gajeriya kamar ta da. Ba ta taɓa ta ba, kujera ta nufa. Gashi ne shimfiɗe tun daga wannan hannu har wancan, jan ya ragu, fari ya yi yawa, amma nasa ne. Ta ɗauki sili ɗaya ta ɗaga shi zuwa hasken taga ta daɗe tana kallo. Sannan na karanta mata takardar.

“Ga mai gyaran gida na huɗu. Mun gode. Moss bai hau kujera ba.”

“Tsohon maƙaryaci,” in ji Avril, tana dariya hawaye na bin kuncinta. Ta goge fuska da bayan hannu, ta jawo safar roba daga aljihu. “Buɗe tagogi, Thelma. Ƙazamin nan ya bar mana aiki.”